Fizgau da 'Yar Oga Birki

Ranar da ya fara ganinta, a bakin ƙofar zauren taro take tsaye, rungume da tsohuwar laftof wadda aka ɗaure murfinta da salatif, tana neman inda za ta jona caji. Shi kuma yana durƙushe ƙarƙashin tebur yana warware wayoyin da suka cukuikuye. Ya ɗago don ya nuna mata soket, ƙeyarsa ta bugi teburin har kofin shayin wani ya tuntsure. Ta rufe baki da gefen mayafi. Bai ji zafin ba sai da ya koma gida.

Zauren a saman wani shagon buga takardu yake. Fanka biyu gare shi, ɗaya tana juyawa, ɗayar ado ce. Duk Asabar masu rubuta manhajar kwamfuta ke haɗuwa a nan, amma ba kowane iri ba. Su nasu salon, fankshinal suke ce masa. Ga shi a taƙaice: a yanka aiki ƙanana, kowane yanki ka ba shi abu ya mayar maka da abu, yau da gobe amsarsa ɗaya, kuma ba ya miƙa hannu ya taɓa kayan maƙwabcinsa. A kan wannan sai su yi musu har shayi ya huce. Ba wanda ya sa su. So ne kawai, irin na masu kiwon tattabaru.

Mai riƙe da zauren wata tsohuwar malamar lissafi ce, kowa Uwar Taro yake ce mata. Dokarta ɗaya. Mutum biyu a kwamfuta ɗaya. Mai hannu a kan kibod shi ne direba, na gefensa ɗan jagora, nasa baki ne kawai. In ta kaɗa ƙararrawarta sai a yi musanya. Ɗan jagoran da ya taɓa kibod ya karya doka.

To shi wannan saurayi, a zauren nan ba wanda ya kai shi iya aiki, ba kuma wanda ya kai shi karya doka. Da ya ga abokin zamansa yana jan ƙafa, sai ya jawo laftof gabansa ya ce, "Kawo ka gani." Shi ya sa suka sa masa Fizgau, har sunan yanka ya ɓace.

Ita kuwa Auta ake kiranta a gida, haka ta gaya wa Uwar Taro. Mahaifinta yana da makarantar koyon tuƙi, ita ke zaune a ofishin tana tsara wa masu koyo lokaci. A wayarta ta fara koyon rubuta manhaja, ta ji labarin zauren, ta zo.

Uwar Taro ta dubi sabuwar, ta dubi Fizgau yana shafa ƙeya, ta haɗa su.

Auta ba ta da sauri. Sai ta karanta layi, ta sake karantawa, sannan ta danna. Fizgau ya daure, ya ciji leɓe, ya karkaɗa ƙafa. Ba a je ko'ina ba hannu ya tafi da kansa. Kafin ta ankara laftof ɗin ta koma gabansa, yatsunsa suna ruwan sama a kai.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe hannu ta ce, "Na zaci ni ce direba."

Ya ba ta haƙuri ya mayar mata. Jim kaɗan ya sake.

"Kai ne ɗazu kake mana wa'azin aikin da ba ya taɓa kayan wani," in ji ta. "A motar babana ka yi haka, da tuni an sauke ka a bakin titi."

Zauren ya fashe da dariya. Ba a taɓa gaya masa haka a gaban mutane ba. Abin mamaki, maimakon ya ji haushi, sai ya nemi lambar wayarta, wai don ya turo mata darasi. Darasin da ya fara turowa ga shi:

"Direbata, kin isa gida lafiya? Ƙeyata tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba a ba ta haƙuri ba."

Ta amsa: "Ka ce mata tebur ne mai laifi. Lafiya lau na iso. Ka riƙa barin hannunka a aljihu, ko Allah zai sa ya saba."

Daga nan abu ya kama. Asabar ta zama musu ranar da ake jira. Yakan riga kowa zuwa ya kama mata kujerar da ke ƙarƙashin fanka mai aiki. Ya cire salatif ɗin laftof ɗinta ya sa mata sabon maɗauri da hannunsa. Ita kuma takan zo da biskit a leda, ta ce na mutanen teburinsu ne, alhali su biyu ne a teburin. Yana ce mata Direbata, tana ce masa Sarkin Hannu. In an tashi sai su sauko matattakala a hankali kamar masu ciwon gwiwa, su tsaya a gaban shagon buga takardu suna magana har mai shagon ya fara jan ƙofa yana gyaran murya.

Wata rana ya rubuto mata: "Na duba lissafin rayuwata ta kowace fuska, duk abin da na zuba a ciki amsar ɗaya ce, ke. Ki ba ni izini in turo kawuna."

Ta daɗe tana kallon wayar tana murmushi ita kaɗai, har Umma ta tambaye ta ko ta samu taɓuwa ne. Sannan ta rubuta: "Izini ba a hannuna yake ba, Sarkin Hannu. Amma ƙofar gidanmu ba ta da kwaɗo."

Abin da ba su sani ba, mahaifinta ya riga ya gan shi.

Mutumin nan Oga Birki ake ce masa, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Gajere ne, mai furfura, ba ya son magana biyu. Wata Asabar ya biyo ta titin da motar koyo, ya ce bari ya ɗauki 'yarsa. Ya hau sama ya tsaya a bakin ƙofa. Daidai lokacin Auta tana rubutu, sai ya ga wani dogon yaro ya miƙa hannu ya janye kwamfutar daga gabanta, yana dariya, ita ma tana dariya. Oga Birki bai shiga ba. Ya sauka ya jira ta a mota.

Da kawun Fizgau ya zo neman izini, an shimfiɗa masa darduma, an ba shi ruwa mai sanyi, an saurare shi har ƙarshe. Sannan Oga Birki ya ce a yi haƙuri, shi bai gamsu da yaron ba. Kawu ya lissafo aikinsa a kamfani, da asalinsa, da cewa ko taba ba ya sha. Oga Birki ya ce duk ya yarda. Amma a yi haƙuri.

Umma ce ta tsare Oga Birki a tsakar gida, Auta tana bakin ƙofar kicin tana jin komai. Ya ce shi ya tsufa a kujerar gefen direba, ya ga iri-iri. Sau nawa miji yake kawo masa matarsa, wai ta kasa koyon mota, ba ta da kai. In ya bincika sai ya tarar mijin ne ya fara koya mata, da ta ɗan karkace sai ya cafke sitiyari. Mace ta zo, ko babu kowa a titi sai ta waiwaya ta ga ko za a ƙwace. Gyaran irinsu ya fi koya wa sabo wuya.

"Ni ma akwai birki a ɓangarena," ya ce. "Ƙafata ba ta taka shi sai rai na cikin haɗari. Yaron da ya kasa bar mata ɗan allon nan, gida zai bar mata? Ban raini 'yata don ta ƙare tana waiwaye ba."

Umma ta ce ai yarinta ce, shi ma da ƙuruciyarsa ba waliyyi ba ne. Ya ce ya ji, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai hana Auta zuwa zauren ba. Ya ce karatu daban, aure daban.

A zauren akwai wani da suke kira Injiniya, mai fararen kaya da sanyin murya. A wurin Oga Birki ya koyi mota, kuma tsohon yana yawan yabonsa, wai bai taɓa sa shi ɗaga murya ba. Da labari ya zaga, Injiniya ya fara zuwa gaishe da tsohon malaminsa. Gaisuwar ta yi yawa. Ko makaho ya san ba don Oga Birki ake fesa wannan turaren ba.

Auta ta gaya wa Fizgau dalilin babanta ba tare da ta rage komai ba. Ya saurare ta a waya har ƙarshe. Sannan ya ce zai gyara.

Gyaran da ya yi, gara da bai yi ba. Asabar ta zo, aka haɗa su, ya zauna a kan tafukan hannunsa ya kulle baki. Tana rubutu, yana kallon bango. Ta yi kuskure, allo ya cika da jan rubutu, ta dube shi, ya ce ita ce direba. Ta tambaye shi ko nan ne matsalar, ya ce yadda ta gani. Shi a ransa haƙuri yake yi, har gumi yake. Ita kuwa abin da ta gani shi ne mutum ya yi fushi don an faɗa masa gaskiya, yana ramawa da shiru.

Ta rufe laftof ɗinta tun ba a tashi ba. Asabar ta gaba da kanta ta ja kujera zuwa teburin Injiniya.

Injiniya bai taɓa kibod ba, ko da wasa. Duk abin da ta rubuta sai ya ce ya yi kyau. Ta rubuta daidai, ya yi kyau. Don ta gwada shi ta rubuta shirme da gangan, ya ce ai wannan ma wata hikima ce. Ta koma gida ta ce wa Umma zama da shi kamar shan ruwan ɗumi ne, ba ya ƙona ka, ba ya kashe ƙishi.

Fizgau kuwa ya bi ta layin su Auta ya ga motar Injiniya a ƙofar gida. Ya rubuto: "Na ga an samu ɗan jagora mai ladabi. Allah ya sa alheri."

Ta amsa: "Amin."

Kalma ɗaya, amma ta hana shi cin abinci.

Uwar Taro ta ga komai ta saman gilashinta. Bayan an watse ta ce masa ya tsaya ya taya ta kife kujeru. Suna cikin yi ta tambaye shi ko wa ya ce masa ɗan jagora gunki ne. Ya ce ai an ce hannunsa ne matsala.

"Hannu na hana, ɗan nan, ban hana baki ba," ta ce. "Da kana ƙwace mata aiki, yanzu kana barinta a daji. Duka biyun kanka kake kallo, ba ita ba. Ka faɗi abin da ka gani, ka jira. Jiran shi ne aikin."

Ya tsaya da kujera a hannu kamar wanda aka watsa wa ruwa.

Ana haka lokacin babban taron shekara ya zo, wanda suke kira hakaton. Kwana biyu ake yi, kowane mutum biyu su gina manhaja daga tushe, a yammacin ƙarshe a gayyato iyaye da 'yan uwa su ga abin da aka yi. Wanda ya ci, shi ke riƙe wani ƙaton kofin shayi na tangaran har shekara ta zagayo. Kofin ya daɗe a ɗakin Fizgau. A bana Uwar Taro ta ce kowa ya gina abin da zai amfani wani na gidansu, kuma kowa ya zaɓi abokin zamansa.

Injiniya ya nemi Auta. Ta ce ya yi haƙuri, tana da ɗan jagora. Alhali ba ta tambayi kowa ba. Sai da ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Ina so in gina abin da zai riƙa tsara wa Baba masu koyo da motoci, a daina haɗa mutum biyu a mota ɗaya. Ina neman mai gaya mini gaskiya in na yi kuskure. In ka san wani, ka turo shi."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Na san wani. Bakinsa ya warke, hannunsa yana jinya. Ki yafe mini, Direbata. Ba fushi nake ba, wauta ce."

"Na sani, Sarkin Hannu. Ka zo da wuri ka kama mana fanka."

Ranar farko sun yi aiki kamar ba a taɓa ɓatawa ba. In ya ga kuskure sai ya ce ta ɗan koma sama ta duba, ya yi shiru har ta gano. Wani lokaci kuma ita ce ke da gaskiya, don ta san abin da bai sani ba: cewa akwai matar da ba ta yarda ta koya sai da safe, akwai motar da ba a ba sabon shiga. Ya gane cewa jan ƙafar da yake gani a da, tunani ne.

Yammacin rana ta biyu zauren ya cika da baƙi. Oga Birki ya zo saboda Umma ta matsa, ya zauna a kujerar baya, hularsa a gwiwa. Lokaci yana ƙurewa, Uwar Taro ta sanar cewa daga yanzu ba sauran musanya, kowane tebur ya ba mai saurinsa kibod. Ko'ina aka ji ana jan kujeru.

A teburinsu saura yanki ɗaya, wanda zai hana mota ɗaya fita wa mutum biyu. Allon ya cika da ja. Auta ta dubi agogo, ta hango babanta. Da kanta ta tura laftof ɗin gaban Fizgau.

"Karɓa. Ka fi ni sauri. Yanzu doka ta yarda."

Ya ga kuskuren sarai, yana kallonsa kamar ƙuda a cikin madara. Yatsunsa har motsi suke. Ya sa yatsa ɗaya a gefen laftof ɗin, ya tura mata kayanta.

"Motar babanki ce, ke za ki shigar da ita gida. Ki ja numfashi. Karanta mini layin farko da ƙarfi."

"Za ka rasa kofinka."

"Na sha shayi a cikinsa ya ishe ni. Karanta."

Ta karanta. Ya ce ta ci gaba. Ya tambaye ta me wannan yankin yake karɓa, me yake mayarwa. Ta faɗa, ta tsaya, ta sake faɗa a hankali. Sai ta ga kuskuren da kanta. Tana cikin gyarawa ƙararrawa ta kaɗa.

Injiniya da abokinsa suka ci. Aka tafa, aka miƙa masa kofi, ya karɓa da hannu biyu. Auta ba ta ma ɗago ba. Ta ƙarasa layinta, ta danna, jan ya ɓace. Sunayen masu koyo suka jeru, kowa da motarsa da lokacinsa, ba karo. Ta juyo ta dubi Fizgau, idonta ya ciko. Shi kuwa ya washe baki kamar shi aka ba kofin.

Ba su ji zuwan Oga Birki ba. Ya tsaya a bayansu ya daɗe yana kallon allon. Ya tambaye su wa ya rubuta wannan na ƙarshen. Fizgau ya miƙe ya rusuna ya ce ita ce, Baba. Tsohon ya ce ai ya gani, tambaya ce kawai. Sannan ya ciro makullin mota ya miƙa wa 'yarsa, ya ce wa saurayin ya zo su rage masa hanya.

A ƙasa Fizgau ya nufi kujerar baya. Oga Birki ya ce a'a, gaba. Fizgau ya zauna a kujerar da tsohon ya tsufa a kanta, ga birki na biyu a ƙarƙashin ƙafarsa. Iyayen suka shiga baya.

A shataletale wani mai babur ya yanko musu. Auta ta taka birki, mota ta mutu a tsakiyar titi, na baya suka dasa hon. Fizgau ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya ce mata ba komai, masu hon ba su da inda za su da ya wuce gida. Ta yi dariya, ta tayar, suka wuce.

Da aka tsaya a ƙofar gidansu Fizgau, Oga Birki ya leƙo ta taga.

"Ka ce wa kawunka dardumar nan tana nan inda ya bar ta."

Umma ta ce alhamdu lillahi a fili. Tsohon ya ƙara da cewa kada yaron ya ɗauka an gama, hali ba ya mutuwa rana ɗaya, zai riƙa leƙowa. Fizgau ya ce ya yarda. Sai Auta ta tona masa asiri, ta ce Baba, ai ko mota bai iya ba. Oga Birki ya ce to ya zo ranar Litinin, kuma ita ce za ta koya masa, a ga ko nata hannun zai zauna.

Bai zauna ba. A darasin farko sau biyu tana cafke masa sitiyari, yana ce mata, "Na zaci ni ne direba."

An ɗaura aure cikin rufin asiri da farin ciki. Mutanen zauren suka zo gaba ɗayansu, suka cika rumfa guda suna musu a kan abin da ba wanda ya gane sai su. Injiniya ya zo da kofin a cikin kwali, ya ce aro ne, su sha shayin amarci su dawo masa da shi kafin shekara. Uwar Taro ta ba amarya tsohuwar ƙararrawarta, ta ce in ango ya manta, ta kaɗa masa.

Da za a tafi da amarya, Oga Birki ya kama hannun 'yarsa ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sa ta shiga a sa'a. Ya juya ga angon ya ce Allah ya ba shi haƙurin jira, ya ba su zuri'a mai jin magana, ya kiyaye musu hanya gaba da baya. Muryarsa ta ɗan karye, sai ya fake da faɗa wa masu ajiye motoci cewa sun tare ƙofa.

Jama'a suka shafa da amin. Asabar ɗin da ta biyo bayan hutun amarci, su biyu suka hau matattakalar nan tare, da laftof ɗaya da ledar biskit. Kujerar ƙarƙashin fanka tana nan, ba wanda ya zauna musu. Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan.